Gwiwoyin Baba Hudu

Dutsin-Ma,
Jihar Katsina.

Zuwa ga ƙanena Zubair,

Assalamu alaikum. Tun kafin ka yi nisa da karatu ina gargaɗinka: kada ka kuskura ka yi mini dariya, kada kuma ka ɗauki waya ka kira ɗana Mutawakkil ku yi ta murna wai kun rinjaye ni. Babu wanda ya rinjaye ni. Ka karanta har ƙarshe, domin kai ma da rabonka na faɗa a ciki.

Bayan haka, ina fatan kana lafiya, kai da Jannat da yara, da fatan ruwan Fatakwal ya sassauta muku. Allah Ya ƙara lafiya, Ya tsare ka a wurin aiki, Ya kawo mana zaman lafiya a wannan yanki namu. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta ji sauƙin ƙafarta har tana fita tsakar gida. Maigida ya koma Karofi wajen roron wake, bana gonar ta yi kyau. 'Yata Mubina ta shiga aji uku, surutunta kuwa sai abin da ya ƙaru.

Ka san tun da ka aiko wa Mutawakkil ƙwallon kwandon nan da sallah ban ƙara samun natsuwa ba. Yaron da tsawonsa ya sa sai ya sunkuya kafin ya shiga ɗakina, shi ne ka ƙara wa abin da zai ɗauke masa hankali daga littafi. Watan jiya malamin wasanninsu ya zo har gida ya ce an zaɓe shi cikin waɗanda za a gwada a Katsina bayan hutu, in ya yi nasara zai shiga ƙungiyar matasa. Na ce ba inda za shi. Na ƙwace ƙwallon na kulle a akwatina. Babansa ya ce maganar tana hannuna. Yaron bai yi mini musu ba, amma ya daina dariya, tuwo ma sai ya tsakura ya ture kwano. Dalilina kuwa ka san shi, Baba Hudu Dogo ne na Kurfi, ƙanin mijin Gwaggo Azumi, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana buga wannan wasa a Kano da Legas har da Masar. Tun muna yara muke ganinsa ƙiƙam a tsaye idan manya sun shigo, kowa ya durƙusa shi kuwa ya dafa ƙirji kawai. Na sha faɗa wa yarana cewa ga abin da ƙwallo ke mai da mutum: ya je ƙasar waje a tafa masa, ya dawo ya fi ƙarfin gaida na gaba da shi.

To, ranar Asabar muka je Kurfi sunan jikar Gwaggo, na tafi da Mutawakkil don ya riƙe mini kaya. Da hantsi Liman ya leƙo soro zai yi wa Gwaggo barka, maza suka zube ƙasa, Baba Hudu yana tsaye kamar kullum. Na juya na ce wa yaron ya buɗe ido ya ga gobensa. Ashe muryata ta fita, kuma matar Baba Hudu, Hajiya Ma'u, tana bayana. Ba ta yi fushi ba. Sai da aka watse ta kama hannuna ta ce Baba yana kirana.

Zubair, na same shi zaune kan kujera a gindin itacen bedin da ke bayan gidansa. Muka gaisa, ya ce Zaituna ashe haka kike kallona shekara da shekaru. Ya naɗe ƙafar wandonsa. Wallahi sai da na kau da kai. Gwiwoyin nan duka biyu tabon ɗinki ne ya ratsa su, ta hagu ma akwai ƙarfe a ciki. Ya ce tun wasansa na ƙarshe, da ya yi tsalle ya dira ba daidai ba, ba su ƙara lanƙwasuwa yadda ya kamata ba, sallah ma a kan kujera yake yi, shi ya sa yake tsayawa can ƙarshen sahu. Ya ce babu abin da ya fi yi masa ciwo irin ranar da ya dawo gida, mahaifinsa ya fito tarbarsa, ya so ya kai ƙasa ya kasa. Na ce masa ai shi ma da laifinsa, don me bai taɓa faɗa ba? Ya yi dariya ya ce namiji ba ya bin gidaje yana nuna gwiwa.

Daga nan ya sa aka miƙo wayarsa, ya nuna mini wani tsohon wasa da aka kwafo masa daga kaset. Hoton duk ya dusashe, amma na gane shi. Kai, Zubair, mutum ne yake tashi sama kamar an ɗaga shi da igiya, mutane uku sun tare shi, ya juya ya bar su suna neman inda ya bi. Jama'a cike da fili suna kiran sunansa. Baba Hudu namu, wanda ke sayar da dawa a bakin kasuwa! Ban san lokacin da na ce a maimaita mini ba, aka maimaita, na ce a ƙara. Ya ba ni labarin manyan zamaninsu, har da wani ɗan Legas da ya yi suna a Amurka, wanda yake shiga fili da azumi a bakinsa bai taɓa fakewa da wasa ya sha ba. Na ce to wannan an yi masa tarbiyya.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne bai goyi bayan yaron ido rufe ba. Ya sa aka kira shi ya zauna, ya lissafa masa abokan wasansa na dā ɗaya bayan ɗaya. Ya ce waɗanda suka riƙe karatu, da ƙafa ta gaza sai suka zama malamai da masu horarwa. Waɗanda suka jefar da littafi kuwa, wani ya ƙare a ɗakin haya babu mai leƙa shi, sai hotunan jarida a bango. Ya ce tafi ba ya bin mutum gida. Ni dai ina ta gyaɗa kai, don abin da nake faɗa kullum ke nan ana cewa na cika tsanani. A jikin bedin nan akwai zoben ƙarfe da maƙera suka lanƙwasa masa, ashe a nan yake koya wa yaran unguwa duk yamma, kuma ba ya barin wanda bai je Islamiyya ba ya taɓa ƙwallo. Ya ce Mutawakkil ya jefa ya gani. Yaron ya jefa, ta kauce. Tsohon ya karɓa, yana zaune a kujerarsa, ya ɗan karkata wuyan hannu, sai ga ta ta faɗa cikin zoben ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Wai har da ni a masu ihu, in ji Hajiya Ma'u. Ni dai na san na miƙe tsaye. Kafin mu tafi ya gyara wa yaron riƙo, ya ce akwai hannu, saura kai.

Ka gaida Jannat da Nana Hadiza da Abubakar Sadiq, ka ce masa na ji labarin saukarsa, Allah Ya sa albarka. Inna da Gwaggo Azumi suna gaishe ku. Faɗanka kuma shi ne: wanda ya aiko ƙwallo shi zai aiko takalmi mai kyau da abin ɗaure gwiwa, don ba zan bari ɗana ya yi ta dira a kan siminti da silifa ba.

Jiya na buɗe akwati na miƙa masa ƙwallonsa a gaban babansa, ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Zai je Katsina. Amma na kafa doka, kuma ta hau kan kowa har da kai idan ka zo. Ba a taɓa ƙwallo sai an yi la'asar an gama aikin makaranta, ranar da sakamako ya faɗi kuwa ta koma akwati. Duk Asabar zai tafi Kurfi ya koyi wasa, ya ɗaukar wa Baba Hudu kujerarsa zuwa masallaci. Sannan duk babban da ya shigo gidan nan, komai tsawon yaro sai gwiwarsa ta taɓa ƙasa, tunda shi tasa tana lanƙwasuwa. Idan suna tare da Baba Hudu kuma, ya durƙusa sau biyu, ɗaya nasa, ɗaya na tsohon.

Yayarka,
Zaituna.