Takardar da Ba ta Kakana Ba Ce

Zuwa ga Shugaban kwamitin shirya taron masana kan adana tsofaffin rubuce-rubuce a na'ura.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ranka ya daɗe, sunana Bello, jikan marigayi Malam Haruna na Kambaza. Allo kaɗai na yi. Da ajami na rubuta wannan, maƙwabcinmu ya mayar mini da ita boko.

Na ɗaya. Bayan ƙaramar sallah wani Dakta daga cikinku ya zo gidanmu da ɗalibansa, suka buɗe gafakar Malam, suka ɗauki hoton takardunsa duka. Mun yi murna, don gara ta fara cin wasu. Sai dai a ciki akwai guda ɗaya da ba tasa ba. Tawa ce.

Na biyu. Kowa a Kambaza ya san ni da tsokana, kuma tsakanin jika da kaka babu laifi. A wurin Malam na koyi rubutu, har hannuna ya koma kamar nasa. Bara na tsara baiti bakwai da bakinsa, wai yana cewa goro ya fi masa karatu daɗi, wai gyangyaɗi yake yi almajirai na zaton zikiri ne. Na cusa a gafaka don ya gani ya biyo ni da carbi, kamar kullum. A makon ya kwanta ciwo. Bai ƙara buɗe ta ba, ni kuma na kasa taɓa ta.

Na uku. Yanzu na ji Dakta ya gama maƙalar da zai miƙa muku, ya sa baitocin a matsayin waƙar Malam ta ƙarshe. Ɗalibinsa ma ya saka hoton a waya, ya zaga har Gwandu. Ranar Juma'a na ji wani dattijo na cewa ashe haka Malam Haruna yake. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana karantar da ’ya’yan mutane! Ban iya cin abinci ba ranar.

Na huɗu. Sau uku ina hawa mota zuwa Kalgo, gidan Dakta. Na farko ba ya nan. Na biyu ya yi dariya, ya ce an ba shi labarin barkwancina. Na uku na ce a ba ni alƙalami da tawada in sake rubuta ta a gabansa, ya ce kwana biyu suka rage a rufe karɓar maƙaloli, ba shi da lokacin wasa. Ban ga laifinsa sosai ba. Duk wanda na rantse wa a gari, murmushi yake yi yana jiran ƙarshen wasan.

Laifin farko nawa ne, na ɗauka. Amma ku kuka ce abin da ya shiga na'urarku ba ya ruɓewa, har jikokin jikokinmu za su gani. Wannan ne ke hana ni sukuni.

Roƙona, ranka ya daɗe, a dakatar da maƙalar har a zaunar da ni gaban malaman da suka san hannun Malam. A duba yadda nake jan wutsiyar harafin nun. Malam ya yi ta yi mini faɗa a kai, ban gyara ba. In an tabbatar, a cire takardar. In dokarku ta hana cirewa, a rubuta sunana a ƙarƙashinta, a ce wani jika marar kunya ne ya yi. Ni zan iya ɗaukar dariyar. Shi ba ya nan balle ya kare kansa.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa taronku ya yi albarka, Ya jiƙan magabatanmu da naku.

Wassalam.

Bello Kambaza