Sale Ya Zo Gayya a Gonar Baba

Assalamu alaikum, Yaya Kabiru,

Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Inna tana gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi.

Ranar Asabar, shekara guda cif da kisan su Baba a masallaci, muka yi gayya a gonarsa. Ana cikin noma sai ga Sale, wanda ya nuna wa 'yan bindiga hanya, da fartanya. Tun bayan sulhu aka sako shi. Babu wanda ya taɓa shi. Kowa dai ya ajiye fartanya muka tsaya. Ya nome layi ɗaya shi kaɗai, ya kamfaci furar gayya da ludayi ya sha, ya tafi.

Inna ta ce, "A fasa ludayin, a sake nome layin nan."

Ni na sake nome shi da hannuna. Ban yafe ba, Yaya. Na rubuta shaidata na kai wa lauya a Funtua.

Dawar ta yi kyau, bana za mu girbe. Ka yi mini addu'a Allah ya kai ni ranar da za a karanta wa Sale shaidar a gaban alƙali. Gaishe da Kawu Isa.

Ƙaninka,
Bashir