Yatsa na Shida

Litinin, 3 ga Maris
Matata Lusungu ta haihu, namiji. Na buɗe zanen na duba: yatsu shida a hannun hagu. Duk garin Usisya mutum ɗaya na sani mai shida, Vitumbiko mai gyaran injin kwalekwale. Shi da kullum "ina madam?" ke bakinsa.

Talata, 4 ga Maris
Na same shi bakin tafki, ya duƙa kan inji. Na sauke masa filafilin tuƙa kwalekwale a gadon baya. Ya juyo, na ƙara masa a baki, haƙori ya faɗi cikin yashi. Na take hannun nan nasa har na ji ƙas. Sai cewa yake, "Yotamu, me na yi maka?" Da ƙyar masunta suka janye ni. Ko a jikina.

Laraba, 5 ga Maris
Na ce wa Lusungu ta faɗi uban yaron. Ta ce, "Ga ka tsaye." Na kwashe ta da mari, jaririn na hannunta. Ta goya shi ta tafi gidan ubanta, ko hawaye babu. Wannan ya fi ƙona min rai.

Asabar, 8 ga Maris
Ungozomar asibiti ta tare ni a kasuwar kifi. Wai hannun ɗa a ciki kamar filafili yake fara tohowa, sannan ya tsage yatsa-yatsa, tun mace ba ta gama gane tana da ciki ba. Na wani ya tsage shida, kuma abin yana bin jini. Na ce ai jinin nake magana. Ta ce, "Jinin wa, sarkin duka?"

Lahadi, 9 ga Maris
Amama ta sauko daga ƙauyen Ruarwe. Uwata ce, amma ko amsa gaisuwata ba ta yi ba. Ta fizgi hannuna na hagu, ta danna tabon nan na gefen ƙaramin yatsa, wanda na ɗauka ƙugiya ce ta ji min ciwo ina yaro.
"Yatsa na shida ne, da zare na ɗaure shi kana jariri, ya bushe ya faɗi. Na ɓoye don kada a yi maka dariya. Ubanka ma haka aka haife shi. Jaki kawai."
Ta maka min muciya a ka. Ban kare ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Vitumbiko ba ya iya riƙe sifana. Na ga injinsa a yashe.

Asabar, 15 ga Maris
Na ajiye kwandon kifin usipa a ƙofar surukai, ba wanda ya fito. Ta taga na ji kukan yaron, muryarsa da ƙarfi. An ce Lusungu ta hana a ɗaure yatsan, wai a bar shi ubansa ya riƙa gani.
Hannuna na hagu a aljihu yake wuni yanzu. Iskar tafki ce kawai, da sanyi.