Waɗanda Ba a Tambaya

Angona rago,

Ina gaishe ka. Ya ƙafar babanka? Ni lafiya lau, sai dai gidan nan shiru ya yi masa yawa.

Yayarka ta sha wuya. Rumbun bayanan kamfaninsu ya yi nauyi, a tambaye shi suna ɗaya sai shayi ya huce bai amsa ba. Shugabanta ya ce ta gyara ko ta bar aikin.

Jiya tana aikin a nan gida ta samo magani. Duk sunan da aka shekara ba a tambaya ba, ta kwashe shi zuwa wata ma'ajiya can gefe. Ina bayanta ina kallon sunayen mutane suna ɓacewa daga fuskar na'urarta layi-layi, ba ko motsi. Na ce, "Mutuwa suka yi?" Ta ce, "Suna nan, Kaka, ba mai nemansu ne." Yanzu na'urar tana gudu, ita tana dariya, ni kuwa na ɗauko wayata na duba.

Wayata ta kwana biyu ba ta yi ƙara ba. Ba ƙorafi nake ba. Amma ka kira ka tambaye ni a gabanta, yarinyar nan hannunta da sauri.

Allah ya yi maka albarka.

Kakarka