Zaren Maris Yana Hannuna Har Yau

Ya Ilinca, sanyin idona, zumar rayuwata, fitilar da na baro tana ci a ƙofar gidanku a Moldova!

Wata biyu ke nan ina wannan ƙauye na Italiya, na kuma gaji da yi miki ƙarya a waya. Garin nan rami ne, masoyiyata! Duwatsu sun yi masa ƙawanya, rana ba ta leƙo mu sai kusan azahar, kafin la'asar ta gudu. Rabin gidajen a kulle suke. Tsofaffi kawai suka rage, suna bin mutum da ido ta taga. Sau uku ƙararrawar coci ta buga wa mamaci tun zuwana, ba ta buga wa amarya ko sau ɗaya ba. Na tsani wurin nan.

Kin tuna ɗaya ga Maris a tashar mota? Kika ɗaura mini zaren nan ja da fari a wuyan hannu. Kika ce, "Yadda aka saba, Anatol, ka ɗaura shi a bishiyar farko da ka ga ta yi fure. Ranar zan biyo ka. In Mayu ya fita babu fure, ƙasar ba ta son mu, ni kuwa ba zan tsufa a jira ba."

Jiya ina dawowa daga wurin yankan katako na hango farin fure ta saman wata katanga. Wayyo zuciyata! Na ruga, na haura, na ƙulla zaren, na kira sunanki, har hoto na ɗauka. Sai wata tsohuwa ta taɓa kafaɗata. "Yaro, kwance abinka. Maƙabarta ce nan, furen kuma na roba ne, ni na ɗaura wa mijina. Bishiyoyinmu ba sa fure sai Yuni."

Yuni, Ilinca! Da na turo miki hoton, da yanzu kina haɗa kaya. Amma ta yaya zan kafa aurenmu a kan kabarin wani? Na goge hoton, na mayar da zaren hannuna, farinsa duk ya yi baƙi.

Ƙara mini kwana goma bayan Mayu, kurciyata. Goma kacal. In kin ƙi, ba zan ga laifinki ba, amma da zaren nan za a binne ni.

Naki, ko fure ya fito ko bai fito ba,
Anatol