Ƙyauren Ɗakin Inna

Baba, gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya haskaka makwancinka.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma sai dai in karanta maka, kana tari kana cewa in sassauta harshena. To yau ba mai katse ni.

Ga labarin gida. Autarka Hadiza ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, kuma kamfaninku na haƙar uraniyom ya ɗauki nauyinta. Na ce naku don kai ne kake kiransa namu, ni ban taɓa ganin rabonmu a ciki ba. Sun haɗa kai da jami'a a Agadas, suna biya wa ƴaƴan ma'aikata karatun injiniya, musamman waɗanda ubanninsu suka rasu. Ka ji wayo? A cinye huhun uba, a dawo a sayi kan ƴa da littafi da kuɗin mota. Malaman jami'ar kuwa, da ka gan su da kwat cikin zafin Arlit, suna washe baki gefen darakta kamar an ba su kujerar Makka.

Da hutu aka kawo ta nan koyon aiki. Suka ba ta wata na'ura mai kuka idan ta ji gubar uraniyom, wai ta riƙa auna tulin ƙasar da suke zubarwa. Ranar Juma'a ta taho da ita gida cikin jaka, don kawai ta nuna wa Inna abin da take koya. Tun daga zaure abin ya soma ƙyas-ƙyas. Da ta matsa ɗakin Inna sai ya ɓarke kamar ana zuba tsakuwa a kwano.

Ƙyauren ne, Baba. Wanda maƙeri ya yi maka da ƙarfen da suka bar ku ku kwasa a jujinsu. Ka tuna ranar da ka turo shi a kura, kana gumi kana sa musu albarka? Gidaje nawa ne a garin nan aka yi wa ƙofa da rufi da irin wannan ƙarfe? Har tukwane an ƙera. A gindin ƙyauren nan Inna take shimfiɗa tabarma ta tsince shinkafa. Shi jikanka ya riƙa dafawa har ya iya tsayuwa. Ni da na koyi karatu a jaridun naɗe ƙosai na gane, su masu digiri ba su san abin da suke ba ku ba?

Hadiza ta gaya wa malamin da ke duba aikinta. Wai ba don gida aka ba ta na'urar ba, wai ta yi wa kanta faɗa, masu jiran gurbinta suna da yawa. Ilimin ke nan. A koya maka awo, sannan a nuna maka inda ba a aunawa.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Godiyar da kake yi musu tana ba ni kunya. Duk ranar da motar ma'aikata ta sauke ka, kana ɗaga wa mai hular kwano hannu biyu, nakan sunkuyar da kai, in rantse a raina ni ba mai yin shiru ba ne.

Shi ya sa na yi niyyar ɗaure ƙyauren a bayan motona, babur ɗin da nake kabu-kabu da shi, in kai musu ranar bikin da suke yi kowace shekara don nuna yaran da suke taimaka wa, in jingine shi gaban masu ɗaukar hoto. Har igiya na nemo. Sai Hadiza ta riƙe rigata. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi ni zan samu sanyin zuciya na yini guda, ita kuma ta koma sayar da ƙanƙara a tasha. In aka kore ta, wa zai auna mana sauran gidajen? Su?

Na dai cire shi. Inna ta hana, ta ce shi kaɗai ya rage mata na hannunka, na cire duk da haka. Na kai shi can bayan gari inda ko awaki ba sa zuwa, na haƙa rami na rufe, na rataya mata asabari a ƙofa. Har yau da gyaɗa kai kawai take amsa gaisuwata.

Jibi ne bikin. An ce iyalan mamata su zauna a gaba, su sa fararen kaya. Za su kira sunanka, ƙila ma su kuskure shi. Zan je, Baba. Zan zauna kusa da Inna, in tafa lokacin da kowa ya tafa, haka kowace shekara har Hadiza ta karɓi takardarta a hannu.

Ka yafe mini ƙyauren. Su kam ban yafe musu ba.

Allah ya jiƙanka, sai mun zo.

Ɗanka Sidi, mai kabu-kabu.