Bindigar Baba Tana Nan Ƙarƙashin Gado

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan lafiya lau. Auta ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da aiki sai barci da leƙa tukunya.

Yaya, maganar bindigar Baba ce ta sa na ɗauki biro, don a waya ba ka bari in kai aya. Ka san sabuwar doka ta ce duk mai bindiga a gida ya miƙa ta kafin ƙarshen wata, in ba haka ba ɗauri ne. Ban shawarce ka ba, na sani. Ranar Litinin na naɗe ta a tsohon bargo, na hau mota da ita, na yi awa uku a kan benci a ofishin 'yan sanda. Da layi ya zo kaina, jami'in ya duba lasisin ya ce mai sunan ne zai kawo ta da kansa. Na ce masa mai sunan ya shekara shida da rasuwa. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce to sai babban magaji ya zo, ko ya aiko da takarda da sa hannunsa. Haka na sake rungumo ta zuwa gida, na mayar da ita ƙarƙashin gadon Inna.

Babban magajin nan kai ne, kai kuma ka kafe cewa dokar masu gaskiya kawai take kwance wa ɗamara, ɓarawo ba ya bin layi. Ban ce ƙarya ka yi ba, don tun da aka fara karɓar bindigogin fashi bai ragu a unguwarmu ba. Amma tela na bakin titi yana da tasa a ƙarƙashin teburin yanka, da rana tsaka aka shigo masa, aka kwashe kekunan ɗinki biyu, aka haɗa da bindigar. Kawu kuwa kullum yana tsakar gidanmu yana kare dokar da kumfar baki, ya sha shayi ya tafi. Kowa gwani ne a muhawara, ni kaɗai ce nake share ƙarƙashin gadon nan. Wallahi na gaji! Wa ma zai harba ta a gidanmu, Inna ko Auta?

Ga abin da ban faɗa maka a waya ba. Kafin in fito, jami'in ya tambayi sunan wa ke kan takardar gida, na faɗa, ya rubuta sunan Inna a littafinsa. Da can ba wanda ya san bindigar tana gidanmu, yanzu sun sani, kuma da bakina. Saura kwana tara.

Ka gaida Anti da 'yan biyu. Auta da Kawu suna gaishe ka. Inna ma tana gaishe ka, ta ce duk abin da ka yanke shi ne daidai, ba za ta tsallake maganar babban ɗanta ba. Ban gaya mata ita za su zo ɗauka ba. Ka sa hannu, Yaya.

Ƙanwarka,
Uwani